Alƙiblar Tukur

Tsafe, bayan Ƙaramar Salla, 1954

Takarda ta fito daga hannun Maimuna, wadda mutanen Tsafe ke kira Iya mai daddawa, zuwa ga Malam Ɗalhatu Bungudu, mai koyar da shari'a a Gusau. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan an sha ruwa lafiya, an yi Salla lafiya. Ni ban iya rubutu ba. Malam Umaru mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa shi ke rubutawa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mani magana.

Bayan haka, Malam, ni ce uwar Tukur. Haihuwa shida na yi, shi kaɗai ya tsaya. Shekarar da anka kwashi samari zuwa yaƙin Bama anka tahi da shi. Da yaƙi ya ƙare sai takarda ta zo wurin mai gari cewa ya rasu can. Na yi kukana na share, na ce Jafan sun kashe shi, wanda ya ba ni ya karɓi abinsa. Shekara da shekaru ina zaune a kan haka.

Cikin azumin nan wani tsohon soja na 'Yankuzo, Lukuman, ya aiko a kira ni shina kan gargara. Ya ce ba ya so ya tahi da maganar a cikinsa. Ya ce ba Jafan sunka kashe Tukur ba. Rauni ya samu, Baturensu ya ce ba a iya ɗaukarsa, ya ba da umarni, wani ɗan ƙasarmu ya harbe shi. Ya ce sunan mutumin Ɗalhatu Bungudu. Kwana biyu bayan nan anka kai Lukuman makwancinsa.

Na tambayi direbobin Gusau, sunka ce Ɗalhatu Bungudu da ya je Bama ai guda ne, Malam Soja, wanda ke karantar da masu son zama alƙalai.

Ba ƙara na kawo ba. Ina mai daddawa ina kai malamin alƙalai ƙara? Abu uku nike so in sani. An juya shi alƙibla? Ya yi kalmar shahada? An rufe shi, ko an bar wa namun daji? Ubansa ya rasu, ba shi da wa ba shi da ƙane, haƙƙin jininsa a hannuna ni kaɗai ya rage. Ban yafe ba, ban kuma ce Allah ya isa ba. Na riƙe bakina sai na ji daga gare ka. Amma kada ka daɗe, ƙafafuna sun fara kumburi, kuma na san abin da wannan ke nufi ga mai shekaruna.

Haza wasalam.


Gusau, 14 ga Yuni, 1954

Zuwa ga ƙanena Sahabi,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Luba da yara. Yaya damina? Bello direba ya ce shukarka ta hanyar Rawayya ta fito da kyau. Shi zai ba ka wannan takarda, tare da wata da ta zo mini daga Tsafe. Ka fara karanta waccan, kai kaɗai.

To, ka gani. Shekara takwas kana tambayata hukuncin sojan da aka umarta ya kashe musulmi ya kashe, ni kuma ina ce maka mas'alar tana da zurfi, sai na gama bincike. Na san ba sha'awar ilmi ce ta sa kake tambaya ba. Tsoron amsarka ne ya hana ni tambayarka dalili. Yanzu ga tsohuwa ta aiko mini da dalilin har ɗakin karatuna, da sunana a kai.

Ka san yadda sunan ya hau. Ni aka rubuta a takardar mai gari a 1942. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce mai karatu ba zai tafi ba, kai ka miƙe a filin Gusau ka amsa da aka kira Ɗalhatu. Da ka dawo ka miƙo mini littafin sallamarka ka ce ba ka son ganinsa. Da shi na sami gurbin da aka ware wa tsofaffin soja a makarantar shari'a, ba wanda ya gwada yatsana da wanda ke cikin littafin. A Bungudu tsofaffin da suka sani ba sa magana, samari kuwa sun ɗauka mu biyu muka tafi. A nan ɗalibaina Malam Soja suke kirana. In sun tambaye ni Bama sai in ce ba na son tunawa, su kuma su bar maganar don girmamawa. Duk ranar da haka ta faru ba na iya cin abinci.

Yanzu an zaɓe ni cikin waɗanda za a tura Sudan ƙaro ilmi a watan Satumba. Abin da ya sa aka zaɓe ni shi ne littafin da nake rubutawa a kan hukuncin jinin da aka zubar a fagen yaƙi. Baturen ilmi ya ce ba a taɓa samun malamin fiƙihu da ya ga yaƙi da idonsa ba. In na ce wa tsohuwar nan ba ni ba ne, za ta ce to wane ne. Mai rubuta mata wasiƙa a bakin kasuwa yake zama. Kafin sati maganar ta iso Gusau, a soke tafiyar, a kore ni, wataƙila mu biyun mu tsaya gaban shari'a.

Saboda haka ni zan amsa mata, da sunana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka rubuto mini abin da ya faru, kada ka rage komai.

Ka gaida Luba.

Yayanka,
Ɗalhatu


Bungudu, ranar Juma'a

Zuwa ga Yaya Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai tarin nan da ba ya barina. Ka yi haƙuri da rubutuna, na bariki ne, ba irin naku ba.

Daga nan zuwa Gusau mai jaki yakan je ya dawo a yini, amma takarda ka aiko. Ba komai. Na karanta ta Iya sau uku a gindin kukar gona. Wallahi, Yaya, ban ji tsoro ba, daɗi na ji. Shekara goma ina jiran wani ya tambaye ni.

Tukur abokina ne. Mai dariya ne, ko Bature in ya gan shi sai ya saki fuska. Shina da wani ɗan gwangwani da uwarsa ta cika masa da daddawa ranar da za mu tahi. Daddawar ta ƙare tun muna cikin jirgin ruwa, amma bai yar da gwangwanin ba. In yunwa ta dame mu sai ya buɗe, mu riƙa shaƙa ɗaya bayan ɗaya, shina cewa ku ci a hankali, miyar Iya ce.

Cikin damina ne, ruwan can kuwa ba irin namu ba ne, ba ya ɗaukewa. Harsashi ya same shi a ciki. Kwana biyu muna ɗauke da shi a kan gora, ni da Lukuman da wasu biyu, laka har gwiwa. Rana ta uku da hantsi munka iso gindin wani dutse da ko mai lafiya sai da rarrafe yake hawa. Jafan na bayanmu, kuma mun riga mun ga yadda suke yi da wanda sunka kama. Bature ya dube mu ya ce ba za a bar shi da rai ba. Ya ce wani ɗan ƙasar su Tukur ya yi. Ya kira Ɗalhatu.

Ga amsar tambayoyinta.

Na juya shi alƙibla. Amma ka sani can ƙasar Makka ta yamma take. Ranar farko da limamin bataliya ya juya mu mafaɗar rana don salla wasu sun ƙi bin sa, sai da ya zana mana ƙasashe a kan yashi. To, yamma na juya shi.

Shahada, ban sani ba. Tukur ya ji abin da Bature ya ce, kuma bai yarda ba. Ya ce ku bar ni zan rarrafa. Ya riƙe mani ƙafa da hannu biyu, shina kiran Iya. Na ba shi ruwa, na ce ya yi shahada, ya ce ba zai yi ba, don in ya yi zan harba. Na yi ta maimaita masa a kunne. Leɓensa ya motsa, amma ban ji abin da ya ce ba. Sai da Lukuman ya ɓamɓare yatsunsa daga ƙafata bayan na gama.

Ba mu rufe shi ba, babu lokaci. Ganye na tara masa, na sa gwangwanin a ƙirjinsa.

Hukuncin da nike tambayarka tuni na san shi. Wani ɗalibinka ɗan garin nan ya ce kana koya masu cewa tilas ba ta halatta jinin musulmi, wanda ya ba da umarni da wanda ya harba duk suna ciki. Ya ce har kakan kawo masu labarin manyan sojojin da anka yi wa shari'a a Turai bayan yaƙi, anka ƙi karɓar cewa umarni anka ba su. Ya ce in kana wannan darasi idonka kan kawo ruwa. Daga bakinka nike so in ji, shi ya sa na yi ta tambaya.

Yanzu roƙo guda gare ni. Ban taɓa roƙonka komai ba, ko littafin nan kyauta na ba ka. Ka kai ni Tsafe. Ka ce mata da bakinka ni ne na amsa sunanka, don ni ba ni da takarda, ba wanda zai yarda da manomi a kan malami. Ba na ce ka gaya wa Baturen ilmi ba. Tsohuwa guda ce a cikin zaure. In ta yafe, alhamdu lillahi. In ta ce Allah ya isa, in ji da kunnena. Tun da ruwa ya sauka bana, duk tsawar da anka yi sai in ji hannun Tukur a ƙafata. Ita ƙafafunta na kumburi, ni ina tofar da jini. Ba mu da lokacin bincike.

Ƙanenka,
Sahabi


Gusau, 28 ga Yuni, 1954

Zuwa ga Iya Maimuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da addu'ar Allah ya ba ki lafiya, takardarki ta iso, kuma na daɗe ina kallonta kafin na iya ɗaukar alƙalami.

Abin da marigayi Lukuman ya faɗa miki gaskiya ne. Sunana aka kira, kuma an amsa.

Tukur mutumin kirki ne, mai fara'a. Yana da ɗan gwangwanin da kika cika masa da daddawa. Ko bayan ta ƙare bai rabu da shi ba, yakan buɗe mana mu shaƙa, yana cewa miyar Iya ce. Harsashi ya same shi a ciki, muka ɗauke shi kwana biyu a kan gora. Da muka iso inda ba a iya wucewa da majiyyaci, abokan gaba kuma suna bayanmu, shi da kansa ya gane raunin ba na tashi ba ne. Ya ce gara ya tafi a hannun ɗan'uwansa musulmi da ya faɗa hannun waɗanda ba su san Allah ba. Ya roƙe ni, Bature kuma ya ba da umarni.

Na ba shi ruwa. Na juya shi gabas. Ya yi kalmar shahada sau uku da murya mai ƙarfi, ya ce a gaida Iya. Bayan nan muka tona masa kabari da wuƙaƙen bindiga, muka yi masa salla, muka rufe shi tare da gwangwaninsa.

A shari'a, Iya, haƙƙin jininsa naki ne, ba wanda ya isa ya tilasta miki. Ina roƙonki don Allah da Annabi ki yafe wa hannun da ya yi wannan aiki. Mai shi bai ƙara barci mai daɗi ba tun daga ranar.

A gaida Malam Umaru. Wasalam.

Ɗalhatu ɗan Malam Garba, Bungudu


Tsafe, cikin Zulƙida

Daga Maimuna zuwa ga ɗana Malam Ɗalhatu. Gaisuwa da sa albarka.

Malam Umaru ya karanta mani takardarka, na sa ya maimaita har ya gaji. Da ya zo kan gwangwani sai na tashi na shige ɗaki. Gwangwanin madara ne, ni na wanke shi da toka na shanya. Ba wanda ya san da shi sai wanda ya zauna da Tukur.

Ashe ɗana bai ji tsoro ba. Ashe shi ya roƙa da bakinsa. Ka juya shi gabas, ya yi shahada sau uku, kun tona mashi kabari da wuƙar bindiga, kun yi mashi salla kun rufe shi. Mi uwa za ta nema bayan wannan? Ni da ke nan kusa da makabarta ban san ko zan samu irin nasa ba. Tun ranar nan na koma cin abinci, har maƙwabta na cewa Iya ta yi ƙiba.

Na kira liman da mai unguwa sunka zauna, na hwaɗi a gabansu, yanzu kuma ina hwaɗi a takarda. Ni Maimuna na yafe maka, kai Ɗalhatu ɗan Malam Garba na Bungudu, jinin ɗana Tukur, duniya da lahira. Na sa yatsana a ƙasa.

Na gode wa Allah da ya sa wanda ya yi wannan aiki ya zama malami. Da wani ɗan tasha ne da abin ya fi mani ciwo. An ce za ka Sudan karatu. Allah ya kai ka lafiya, in ka matsa kusa da Makka ka sa Tukur a addu'a. Ga ƙullin daddawa nan na ba direba, ka ba matarka.

Haza wasalam.


Gusau, 20 ga Yuli, 1954

Zuwa ga ƙanena Sahabi,

Bayan gaisuwa, albishirinka. Ga takardar Iya Maimuna, da yatsanta da shaidu biyu. Ta yafe. Ka ajiye ta a wurinka, taka ce.

Na san za ka ga wasu abubuwa a ciki da ba haka ka rubuto ba, don haka bari in riga ka. Gabas na rubuta, domin tsohuwar da ba ta taɓa wuce Funtuwa ba in aka ce mata yamma sai ta ɗauka an wulaƙanta gawar ɗanta. Ma'anar dai guda ce, an juya shi alƙibla. Sauran kuwa, ka gaya mini amfanin da zai yi wa mai kumburin ƙafa ta ji ɗanta ya mutu yana kiranta. Malamai sun halatta sassauta magana don gyara tsakanin mutane.

Batun suna kada ya dame ka. Ayyuka da niyya suke. Niyyarta ga wanda ya harba take, wanda ya harba kuwa kai ne. Na kwana uku ina duba littattafai a kan wannan, kuma ina ganin yafiyar ta same ka. Na ce ina gani. Ban sami wanda ya yi maganar mas'ala irin tamu ba, don ban ji an taɓa yin irinta ba.

Zuwa Tsafe yanzu ba shi da amfani, sai tayar da abin da ya kwanta. Ni ma ba ni da sarari, ga jarrabawar ɗalibai, ga allurar rigakafi, ga fasfo. In na dawo bayan shekara biyu, ina da matsayin da ba mai iya taɓa ni, sai mu zauna mu gyara komai. Wannan alkawari ne.

Daddawar da ta aiko na sa an kai wa almajiran maƙwabta, ban iya barinta ta kwana a gidana ba. Ga maganin tari na karɓo maka a asibiti, cokali ɗaya safe da yamma.

Yayanka,
Ɗalhatu


Bungudu, bayan Babbar Salla

Zuwa ga Yaya Malam,

Barka da Salla. Mun sa ido ba mu gan ka ba, Luba har ta ajiye maka kai da ƙafa. Maganin tari ya iso, na gode.

Na karanta takardar Iya. Lalle ka iya rubutu, ba banza ba Bature ya zaɓe ka. Ta yafe wa mutumin da ɗanta ya roƙa, wanda ya ji shahada sau uku, ya tona kabari da wuƙar bindiga. Wannan mutumin ni ma na yafe masa, ba shi da laifi. Sai dai babu shi. Wanda ke akwai shi ne wanda anka ɓamɓare yatsun Tukur daga ƙafarsa, shi kuwa Iya ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Kai ne malami, ka gaya mani. In mutum ya sayar da saniya ya ɓoye ciwonta, kun ce cinikin bai zauna ba. To yafiyar da anka samo ta haka fa? Kada ka ce sai ka yi bincike.

Ka ce in jira shekara biyu. Ka tambayi Luba yawan tsumman da take wankewa kullum safiya, sannan ka sake lissafi. Na ba ka tafiyata, na ba ka littafina, ban taɓa jin ciwo ba, don gidanmu ya samu malami. Amma wannan abu guda nawa ne, Yaya. Ni na yi shi. Ba a yi mani tuba a madadina.

Ranar Litinin zan shiga motar Bello zuwa Tsafe. Takan tsaya a tashar Gusau da hantsi, ta yi kusan awa guda ana lodi. Daga makarantarku zuwa tasha ko carbi ba za ka gama ja ba ka iso. In ka zo mu tahi tare. In ba ka zo ba zan tahi ni kaɗai, in gwada ko za a yarda da ni.

Ƙanenka,
Sahabi


Tsafe, ranar Alhamis

Daga Maimuna zuwa ga ɗana Malam Ɗalhatu. Gaisuwa mai yawa, da fatan shirin tafiya na tahiya daidai.

Wani abu ya taso da ya hana ni sukuni. Ranar Litinin da azahar wani mutum ya yi sallama a zaurena, dogo, ramamme, shina tari. Ya ce shi ƙanenka ne, Sahabi. Na yi murna na kawo mashi ruwa. Bai sha ba, sai ya durƙusa ya ce wai shi ya harbe Tukur, ba kai ba. Wai kai ba ka taɓa zuwa Bama ba, shi ya amsa sunanka.

Na ce ina takardarka ta soja? Ya ce tana wurinka. Ya kawo maganar gwangwani, na ce ai wannan yayanka ya ba ka labari. Sai ya shiga hwaɗin abubuwan da ba ni iya maimaitawa. Wai Tukur ya yi kuka ya riƙe mashi ƙafa. Wai ba a rufe shi ba. Na ce to ina ka juya shi? Ya ce yamma. Malam Umaru da mutanen da sunka taru sunka kwashe da dariya. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an juya musulmi yamma ba. Ya duƙa shina zane a ƙasa wai ga Makka ga Bama, yara na leƙe. Liman ya ce shi bai san ƙasashen nan ba, a tambayi Malam.

Na ce ya tashi ya ba ni wuri, na riga na yafe wa mai abu. Ya fita, amma bai tahi ba. Kwana uku ke nan shina zaune gindin tsamiyar ƙofar gidana, ruwa na dukansa. Nakan aika mashi da tuwo. In miyar da daddawa ce ba ya iya ci, sai ya riƙe kwanon shina shaƙa, hawaye na zuba. Wannan ne ya tsaya mani a rai, don mahaukatan da na sani suna cin abinci.

Ɗana, kai kaɗai na yarda da kai. Akwai ƙasar da musulmi ke salla su dubi yamma? Kuma mutumin nan, gaskiya yake hwaɗi? In ka ce shi ne, zan shimfiɗa mashi tabarma in saurare shi har ƙarshe, ko abin da zan ji zai kashe ni, in ga ko Allah zai ba ni ikon yafe mashi shi ma. In ka ce ba shi ba ne, ka aiko a ɗauke shi tun bai mutu a ƙofata ba. Kalma guda ta ishe ni.

Haza wasalam.


Tashar jirgin ƙasa, Gusau, 2 ga Satumba, 1954

Zuwa ga Iya Maimuna,

Assalamu alaikum. Ina rubutu a gaggauce, jirgi ya kusa tashi. Kwana shida takardarki na aljihuna.

Mutumin ƙanena ne. Shi ma ya ga yaƙi, kuma bai dawo daidai ba. In damina ta yi yakan ɗauki abin da ya ji ya ɗora wa kansa. Alƙiblar musulmi guda ce a duk duniya, Iya. Ki tsaya a kan abin da na rubuto miki.

Na roƙi Bello direba ya mai da shi Bungudu. Ki yi haƙuri da shi, a hana yara tsokanarsa. Ki sa ni a addu'a, ina bukatarta fiye da yadda kike zato.

Wasalam.

Ɗalhatu


Bungudu, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Malam,

Gaisuwa. Na ba Bello wannan ya kai makarantarku, sun ce za su aika maka Sudan. Da fatan ka sauka lafiya.

Malam Umaru ya karanta amsarka a zauren Iya, ina zaune a bakin ƙofa. Ta yi ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi. Ta shafa mani kai, ta ce Allah ya ba ka lafiya, bawan Allah. Ta ƙulla mani daddawa.

Liman ya ce kada in damu, an ɗauke wa mahaukaci alƙalami, ba a rubuta masa zunubi. To, ka yanke mani hukuncin da na shekara takwas ina tambaya, na gode. Sai dai ni da hankalina na harbe shi, kuma kai ka sani.

Ga takardar yafiyar nan na mayar maka, sunanka ne a ciki. Na gaya wa Luba in lokacina ya yi a rufe ni, kada a jira ka.

Ƙanenka,
Sahabi